Jinjina ga Masu Sauya Taya a Tseren Formula 1

Duk mai facin da ke bakin titin Yawuri a Kontagora ya san wahalar kwance taya: a kafa jak, a taka sifana, noti ya cije. To, a tseren Formula 1 ma akwai masu wannan aiki, sai dai su da daƙiƙa ake auna ƙwazonsu. Direba ake miƙa wa kofi, amma waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina.

Mota na tsayawa, mutum wajen 20 za su rufar mata. Uku-uku ne a kan kowace taya: wannan ya kwance notin, wanda guda ne tal, da bindigar iska, wancan ya zare tsohuwa, na uku ya cusa sabuwa. A Katar a 2023, makanikan McLaren, ƙungiyar da Bruce McLaren ya kafa a 1963, sun sauya wa direbansu Lando Norris tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.8 kacal.

Tangarɗa kuwa tsada gare ta. A Monako a 2021, direban Mercedes Valtteri Bottas na matsayi na biyu noti ya ƙi kwantuwa, dole ya haƙura da tseren. Sai da aka mayar da motar masana'antar Mercedes a Ingila sannan aka cire shi.