Rocroi a bakin Bossuet: yabo daban, tarihi daban

Ranar 10 ga Maris 1687, a majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, babban limamin Kirista Bossuet ya yi jawabin makokin Yarima Condé. Sashen da ya fi shahara a ciki, wanda littattafan koyar da adabin Faransanci suka daɗe suna tsamowa, shi ne na yaƙin Rocroi.

An gwabza wannan yaƙi ranar 19 ga Mayu 1643, kwana biyar bayan rasuwar Sarki Louis na 13, alhali magajinsa bai cika shekara biyar ba. Condé, yana ɗan shekara 21, ya tarwatsa barade da ke gabansa, ya zagayo ta baya, ya rutsa da dakarun Sifaniya da Francisco de Melo ke jagoranta.

Gwanintar Bossuet ba abin musu ba ce. Ya nuna saurayi yana sharar barci a daren jajibirin yaƙi, sannan ya kawo kishiyarsa, tsohon sadauki Fontaine, wanda ciwo ya sa ana ɗauke da shi a kan kujera a tsakiyar dakarunsa. Ya girmama abokin gaba domin ya ƙara ɗaukaka gwaninsa, dabarar da duk maroƙin kirki ya sani.

Illar ita ce, ɗalibin da ya tsaya ga wannan sashe kaɗai zai ɗauka cewa ƙarfin Sifaniya ya karye ne a wuni guda. Gaskiya ne nasarar ta kafa ƙafar mulkin riƙo na Sarauniya Anne da wazirinta Mazarin, ta kuma buɗe hanyar cin Thionville a watan Agusta. Amma a Nuwamba na shekarar, wata rundunar Faransa ta sha mummunan kaye a Tuttlingen, kuma an ƙara shekara 16 ana fafatawa. A 1656 Sifaniya ta fatattaki Faransawa a Valenciennes, kuma cikin jagororinta har da Condé da kansa, wanda ya sauya sheƙa bayan tawayen Fronde. Bossuet bai ɓoye wannan tabo ba, sai dai ya taɓa shi a gurguje, ya lulluɓe shi da tuba.

Abin da ya durƙusar da Sifaniya ya fi fagen daga faɗi: boren Kataloniya da Portugal tun 1640, da bashin da ya yi wa baitulmali katutu, da ƙawancen Faransa da Ingila wanda ya kai ga yaƙin Dunes a 1658. Sai a yarjejeniyar Pyrénées ta 1659 Faransa ta samu Roussillon da mafi yawan Artois.

Saboda haka jawabin ya cancanci zama a aji, a matsayin darasin fasahar magana. Amma malamin da ya karanta shi bai rubuta 1656 da 1659 a kan allo ba, ya koyar da kirari ne da sunan tarihi.