Masu Kiwon Ciyawa: Nazari kan Ƙungiyoyin Masu Kula da Filayen Golf

A filin golf babu wurin da ya kai ɗan dandalin da ke kewaye da rami cin kuɗi da cin rai. Ciyawarsa kusan kullum ake aske ta, har ta koma milimita 3 ko ƙasa da haka, ga ƙafafun ’yan wasa suna tattaka ta daga hantsi zuwa magariba, kuma duk da haka ana so ta zauna kore shar. Ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, ya yi kaɗan ganye ya ƙone, in kuma zafi ya haɗu da raɓa na ’yan kwanaki sai fumfuna ta bi ta tabo-tabo. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi tun asuba yake fitowa. Zai tsuguna ya caka ma’aunin danshi a ƙasa, ya murza wani ƙarfe mai baki kamar gwangwani ya huda sabon rami mai faɗin milimita 108, sannan ya ɗauki curin ƙasar da ya ciro ya toshe ramin jiya, ya daddanna gefensa har sai ido ya kasa gane wurin. Kafin ɗan wasa na farko ya iso, ya riga ya bar wurin.

Ƙungiyoyin waɗannan mutane nake son dubawa, domin a ganina sun yi nasara a abu guda, wato mayar da aikin da ake yi wa kallon barantaka ya zama sana’ar ilimi, kuma wannan nasarar ce ta jawo musu matsalar da suke fama da ita yau.

Sana’ar a Sikotlan ta girma. Tom Morris Babba ya riƙe filin Prestwick daga 1851, ya koma St Andrews wajen 1864, ya zauna a kan aikin har 1903, kuma shi ake dangantawa da yaɗa al’adar barbaɗa yashi a kan ciyawa don ta yi laushi ta daidaita. Amma irin darajar da Morris ya samu ba kowa ya same ta ba, don shi gwanin wasan ne da ya ci babbar gasar Birtaniya sau 4. Sauran masu kula da fili a hannun kwamitin kulob suke, wato attajirai da lauyoyi da likitoci waɗanda suka iya buga ƙwallo amma ba su san bambancin ciyawa mai ƙishi da mai cuta ba. Ilimin aikin kuwa a ka yake, ana gadonsa daga maigida zuwa yaro, kowa na ɓoye laƙaninsa don kada wani ya raba shi da abincinsa.

A Amurka an fasa wannan ɓoyo ta hanya biyu. A 1920 hukumar golf ta ƙasar, USGA, ta buɗe sashen binciken ciyawa tare da masanan ma’aikatar gona irin su Charles Piper da Russell Oakley. Wannan shiri ne na masu kulob, su suka ga filayensu na mutuwa suka nemi magani. Na biyun shi ya fi jan hankalina. Ranar 13 ga Satumba 1926, mutum kusan 60 suka taru a kulob ɗin Sylvania da ke yankin Toledo a jihar Ohio, bisa kiran John Morley, haifaffen Ingila mai kula da filin Youngstown. Masu aikin ne da kansu suka ce a zo a haɗa kai a baje abin da kowa ya sani. Ƙungiyar ta sauya suna har ta tsaya a kan GCSAA a 1951, hedikwatarta na Lawrence a jihar Kansas, membobinta sun kai kusan 20,000. A Birtaniya sai 1987 ƙungiyoyi uku suka narke suka zama BIGGA, wadda ke taronta na shekara a garin Harrogate kowane Janairu, lokacin da sanyi ya hana ciyawa girma, aiki ya yi sauƙi.

Abin da suka gina ba ƙarami ba ne. Akwai mujallu na wata-wata, akwai kwasa-kwasai, akwai takardar shaidar ƙwarewa da GCSAA ta fara bayarwa a 1971, wadda ba a samunta sai da jarrabawa, kuma sai an riƙa sabunta ta. Jami’o’i sun shigo: a Penn State aka fitar da irin ciyawar Penncross a 1955, a Tifton ta jihar Georgia kuma Glenn Burton ya yi wa dangin kiri-kiri aure da wata ’yar’uwarta ta Afirka ta Kudu, aka sami Tifgreen a 1956. Sai dai ni inda na fi ganin amfanin ƙungiya shi ne a rassanta na yanki. Can ne mutumin da injin huda ƙasarsa ya lalace zai ɗauki waya maƙwabcinsa ya aro masa nasa, can ne wanda ya ga wani baƙon tabo a ciyawa zai tura hoto a gaya masa ko mene ne kafin azahar. In babbar gasa ta zo wani fili, abokan sana’a daga nesa suke zuwa su yi mako suna aski da gyaran ramukan yashi kyauta. Wanda ya san cewa kakannin wannan sana’a ba sa gaya wa juna yawan takin da suke zubawa, zai gane nisan tafiyar.

To, da gwaninta ta ƙaru sai buƙata ta bi ta. A 1966 aka fara nuna gasar Masters ta filin Augusta a talabijin mai launi, kuma tun daga nan kowane Afrilu ’yan kulob a faɗin duniya ke kallon wannan kore marar aibi su juyo su tambayi nasu ma’aikacin me ya hana shi yin haka. Ba sa lissafa cewa Augusta rufe shi ake yi duk tsawon bazara, kuma a ƙarƙashin dandalinsa akwai bututun da ke zuƙe danshi. Sannan ga sandar auna gudun ƙwallo da Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935, wadda USGA ta raba wa filaye a 1978. Ƙarfe ne mai tsawon inci 36 da kwari a tsakiya, a ɗora ƙwallo a ɗaga gindinsa a hankali har ta gangaro, a auna ƙafa nawa ta yi. An yi ta ne don dandalin ramukan fili ɗaya su zama daidai da juna, amma ta zama abin gasa tsakanin kulob da kulob. Lokacin da aka fara awon, matsakaicin gudu a Amurka bai wuce ƙafa 6 da rabi ba. Yau manyan gasa na kai ƙafa 12 zuwa 14, kuma hanyar samun haka ita ce a ƙara ƙasƙantar da aski, a ƙara murje ƙasa, ciyawa ta ƙara rauni, a ƙara feshin magani. Ƙwararrun sun nuna za su iya, shi ya sa ba a karɓar uzurinsu.

Nan ne nake da ƙorafi a kan ƙungiyoyin. Babban abin da ke ɗaukar nauyin tarukansu da tallafin karatunsu shi ne kamfanonin injuna da magani da kayan ban-ruwa, irin su Toro da John Deere da Syngenta da Rain Bird. Ban ce an sayi kowa ba, kuma injunan zamani sun rage ɓarnar ruwa ƙwarai. Amma ƙungiyar da ke cin gajiyar mai sayar da magani, da wuya muryarta ta yi ƙarfi wajen cewa a rage shi. A Birtaniya doka ce ta tilasta sauyin, sa’ad da aka janye magunguna irin su chlorpyrifos a 2016, masu kula da fili suka koma neman mafita ta hanyar huda ƙasa da zuba yashi da zaɓen irin da ke jure cuta.

A batun ruwa kam sun yi abin a yaba. Binciken GCSAA ya nuna filayen Amurka sun rage shan ruwa da kashi 29 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2020, ko da yake rufe wasu filaye na cikin dalilan. A Pinehurst ta jihar North Carolina an kwashe ciyawa mai yawa daga gefunan fili tsakanin 2010 da 2011 aka bar yashi da haki, aka buga babbar gasar Amurka ta 2014 a kai yana ja-ja. A Hoylake ta Birtaniya ma a 2006 fili ya bushe ƙayau, Tiger Woods ya ci gasa a kansa, wasa bai ragu da komai ba. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin filayen arewacin Najeriya, inda yashi ake cakuɗawa da mai a daddaɓe a kewayen rami saboda ƙarancin ruwa, ya san golf ba ya mutuwa don babu kore. Aikin da ya rage wa ƙungiyoyin shi ne su shawo kan ɗan kulob mai biyan kuɗin shekara ya yarda da haka, kuma su tsaya wa membansu ranar da kwamiti zai kore shi saboda ciyawa ta yi fari a watan Agusta.

Tsayawar nan kuwa ba su da ƙarfinta sosai, domin ba ƙungiyoyin ƙwadago ba ne. Ba sa zama teburin ciniki da masu kulob, ba sa kiran yajin aiki. A Amurka shugaban fili suka ɗaukaka, amma masu tura injin aski da masu share ramukan yashi, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Meksiko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, kaɗan ne daga cikinsu ke zuwa taro ko samun takardar shaida. BIGGA ta fi buɗe ƙofa ga ƙananan ma’aikata, kuma tana cikin kwamitin da ke fitar da jadawalin albashi duk shekara, sai dai shawara ce kawai, kulob ɗin da ya ga dama ya bi, wanda bai ga dama ba babu mai tuhumarsa. Da ƙungiyar ta tambayi membobinta a 2022, kusan kashi ɗaya bisa uku suka ce suna neman aiki a wajen sana’ar.