SHARHI A KAN FIM ƊIN "HOPE SPRINGS": ME KE BIYO BAYAN BIKI?

'Yan'uwa marubuta, a wannan fitowa na ga ya dace mu ɗan ajiye littafi mu leƙa majigi, domin akwai darasi a cikinsa ga duk mai riƙe alƙalami. Fim ɗin da za mu duba shi ne "Hope Springs", wanda ya fito a Amurka a 2012. Vanessa Taylor ce ta rubuta labarin, David Frankel kuma ya ba da umarni.

Labarin a taƙaice

Kay da mijinta Arnold mazauna birnin Omaha ne, sun shekara 31 da aure, 'ya'yansu sun girma sun bar gida. Ba sa faɗa, ba sa zage-zage, amma kowa da ɗakin kwanansa. Kullum da safe sai ta soya masa ƙwai, ya ci idonsa na kan jarida, ya ɗauki jaka ya tafi ofis. Da dare kuma barci ke kwashe shi a gaban talabijin. Da abin ya ishi Kay, sai ta ciro dala 4,000 daga ajiyarta ta biya musu kuɗin zaman mako guda wurin Dakta Feld, masanin sasanta ma'aurata, a wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Maine. Arnold ya bi ta, amma yana ƙunƙuni tun daga gida, har tsadar abincin garin bai bari ba.

Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne mutuwar aure ba tare da saki ba. Marubuciyar ba ta kawo wata mace daga waje ba, ba ta kawo mugun suruki ko talauci ba. Abokin gaba a nan shi ne shiru da sabo. Wannan shi ne ƙarfin labarin, domin mai kallo ba ya samun wanda zai ɗora wa laifi ya huta. Da farko Arnold muke zargi, amma da zama ya yi nisa sai ya fito da nasa ciwon, muka gane shi ma ya sha jin an ƙi shi har ya daina nema. Ashe ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓa.

Taurari da salo

Meryl Streep ce ta fito a Kay, Tommy Lee Jones kuma Arnold. Abin sha'awa, mafi yawan abin da suka faɗa mana ba da baki suka faɗe shi ba. Ku lura da doguwar kujerar ofishin likita: ranar farko kowa ya maƙale a gefensa, fili a tsakani kamar wurin zaman mutum na uku. Duk sanda suka matso ko suka ja baya, mun san inda auren ya kwana. Haka kuma Steve Carell, wanda aka sani da barkwanci, a nan bai yi raha ko sau ɗaya ba, tambaya kawai yake yi ya yi shiru. Dariyar daga kunyar dattawan biyu take fitowa, musamman da aka ba su aikin gida cewa su rungumi juna na ɗan lokaci, abin ya zame musu kamar ɗaukar dutse. Mutum yana dariya, tausayi yana kama shi.

Inda fim ɗin ya gaza

Duk da haka, a ganina ƙarshen bai yi nauyin farkon ba. Sun koma gida ba su daidaita ba, har Kay ta haɗa kayanta za ta bar gidan. A wannan daren sai Arnold ya tashi ya tafi ɗakinta, shi ke nan komai ya gyaru, aka rufe da sabunta alkawarin aure a bakin teku. Tsatsar shekaru ba ta fita da wanki ɗaya, kuma ba a nuna mana abin da ya juya zuciyarsa ba. Bugu da ƙari, an cika cusa waƙoƙi a wuraren da shiru zai fi magana, kamar ba a yarda mai kallo zai gane da kansa ba. Sannan akwai maganganun ɗaki da aka yi ɓaro-ɓaro, don haka ba fim ne na kallo da yara ba.

Darasi gare mu

A shekarun da na yi ina koyarwa, da wuya ɗalibi ya kawo mini labarin soyayya da bai ƙare a ranar ɗaurin aure ba. Littattafanmu da yawa haka suke, tsoho a cikinsu ko mai hana aure ne ko mai nasiha. Balaraba Ramat Yakubu ta nuna tun 1990, a "Alhaki Kuykuyo Ne", cewa matar da ta daɗe a ɗakin miji tana iya ɗaukar littafi sukutum. Ba ina cewa mu kwaikwayi Amurkawa ba ne, domin kunya ado ce a rubutunmu, kuma ita kanta kunyar kayan aiki ce: kwanon abinci da aka ajiye ba magana, ko gaisuwar da ta gajarce, sun isa su faɗi abin da shafi goma ba zai faɗa ba. Gidaje nawa ne suke tsaye a waje, a ciki kuwa sun daɗe da rushewa? Marubuci matashi, kafin ka sake aurar da taurarinka a shafin ƙarshe, gwada fara labarin daga shekara 30 bayan biki.