A Buɗe Wa Manya Ajin Fasaha Da Tarihi A Funtua Da Malumfashi

Tun da aka fara bikin Ranar Hausa a 2015, ake kuma maimaita shi duk 26 ga Agusta, tarukan lacca kan harshe da al'ada suka yawaita a ƙasar Hausa. Abin farin ciki ne. Sai dai duk wanda ya saba halartar irin waɗannan taruka ya san yadda suke tafiya: a jira babban baƙo har rana ta take, a yi jawabin maraba da na uban taro da na iyayen ƙasa, sa'annan a miƙa wa malamin da aka ɗauko daga jami'a abin magana, a roƙe shi ya taƙaita domin lokaci ya ƙure. A ɗauki hoto, a watse, sai baɗi. A ɗaya gefen kuma, abin da hukuma ke kira ilimin manya ya tsaya a koyon baƙi da wasali da haɗa sabulu da ɗinki. Duka biyun suna da amfani, amma babu ɗayansu da ke zaunar da magidanci ko uwar gida mako bayan mako a yi musu bayanin waƙa da saƙa da gini da tarihin garinsu daki-daki. Ra'ayina shi ne kudancin Katsina na bukatar irin wannan aji, a jere, cikin Hausa, a lokacin rani, ba jarrabawa ba takardar shaida.

Na ambaci wannan yanki musamman ne domin abin koyarwar yana nan a ƙofar gida. An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, ya yi zaman Bakori, ya kafa gida a Funtua, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Hajiya Barmani Choge, wadda ta fitar da amada daga cikin gida zuwa idon duniya, 'yar ƙasar Funtua ce, ta rasu a 2013. Bilkisu Funtua na cikin matan da suka sa dubban matan aure riƙe littafi a shekarun 1990. Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, shi ma haihuwar Musawa ne. An yi digirori a kan waɗannan mutane a Zariya da Kano da Sakkwato, kundayen suna jibge a ɗakunan karatu, wasu ma da Turanci. Manomin Ƙafur da ya haddace waƙoƙin Shata tun yana saurayi bai taɓa jin abin da masana suka gano a cikinsu ba, alhali shi ya fi kowa shirin fahimta. Da za a zauna da shi a warware masa yadda kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya yi magana, da yadda jagora ke jefa ɗa 'yan amshi su karɓa, da inda yabo ya ƙare zambo ya fara, da dalilin da ya sa mawaƙi ke wasa kansa a Bakandamiya, zai koma gida ya saurari abin da ya daɗe yana ji da sabon kunne. Kuma tabbas zai gyara wa malamin sunan wani ƙauye ko wani mutum da aka rubuta ba daidai ba.

Haka zancen auduga. Maska, wadda hakimin Funtua ke riƙe da sarautarta har yau, tsohon gari ne da ya yi suna a saƙa, ita da Gozaki suna cikin manyan garuruwan kudancin Katsina tun kafin jihadi. A da audugar wannan ƙasa a gida take ƙarewa: mata su gurza su yi shiɓa su kaɗa da mazari, masaƙa su saƙa, marina su tsoma a baba, mabuga su buga. Da Turawa suka kafa injinan gurza na kamfanin BCGA a Funtua da Malumfashi, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Ƙauran Namoda, sai audugar ta kama hanyar teku ta dawo mana a matsayin yadi. Mutumin da ke noman auduga shekara talatin yana da haƙƙin sanin wannan labari, domin shi ne bayanin yadda kakansa mai sana'a ya koma mai sayar da ɗanyen kaya. Darasin fasaha ne, darasin tattalin arziki ne kuma, ba a raba su.

Masu cewa babba ba ya zama aji sun manta tarihin wurin. A shekarun 1950 yaƙi da jahilci ya zaunar da magidanta a zauruka da gindin bishiya, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta lardin Katsina ita ce Himma. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe, malaman gona suka bi ƙauye-ƙauye, manoma suka koyi sabon iri da sa takin zamani har masara ta zama babban amfanin yankin. Karatun zaure kuwa bai taɓa tsayawa ba. Dattijo mai furfura yana ɗaukar littafi ya je gaban malami bayan Asuba shekara da shekaru, ba don wata takarda ba, kuma kowane Ramadan masallatai na cika da masu bin tafsiri daga farkon wata zuwa ƙarshensa. Ɗabi'ar neman ilimi har tsufa tamu ce tun asali, fannin kawai ake son a faɗaɗa. Ƙasar Denmak ta yi irin wannan da manomanta: a 1844 aka buɗe makarantar jama'a ta farko a can bisa tunanin wani malamin coci mai suna Grundtvig, matasan karkara suna zuwa a lokacin sanyi bayan an kawar da amfanin gona, ana koya musu tarihi da adabi da waƙa, ba jarrabawa. Masana tarihin ƙasar da dama suna danganta ƙarfin ƙungiyoyin gama-kai na manomansu, waɗanda suka bunƙasa daga 1882, da mutanen da suka ratsa waɗannan makarantu.

Hujja mafi nauyi da za a kawo don ƙin wannan shawara ita ce halin da ake ciki. Wanda 'yan bindiga suka hana shiga gonarsa a Faskari ko Sabuwa ko Dandume, wanda bai manta ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba, wanda farashin buhun taki ya gagara, ina ruwansa da laccar waƙa? Ba na raina wannan tambaya, kuma ba zan ce aji zai kori ɓarayin daji ba. Amma rashin tsaron nan shi ne ya sa abin ya zama na gaggawa. Ƙauyen da ya tashi ba gidaje da rumbuna kaɗai ya bari ba. Gayya ta watse, gangar noma ta yi shiru, kalankuwa ta daina ci, tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa tana raɓe a ɗakin haya a bayan gari ba mai tambayarta komai. Idan aka ce sai an samu zaman lafiya za a waiwaye su, masu abin za su riga mu gidan gaskiya. Ban da haka, rikicin ya shuka gaba tsakanin Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi, har yara na tasowa da zaton haka aka gada. Zama goma a kan tarihin zaman tare a wannan ƙasa, yadda ake sa shanu a gona bayan girbi domin taki, da auratayya, da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, ba zai tsayar da harsashi ba, amma zai rage masu yarda da ƙarya.

Akwai kuma masu tsoron addini, masu ganin da an ambaci al'ada to kiɗa da bori da cakuɗuwar maza da mata ake nufi. Amsa ita ce nazarin abu daban, aikata shi daban. Malaman jihadi da kansu da waƙar Hausa da Fulatanci suka karantar da jama'a, Nana Asma'u kuma ta tura jajoji ƙauyuka da waƙoƙinta domin ilmantar da matan aure, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Rubutun ajami da zayyanar allo da ginin masallatan ƙasa duk fasaha ce, kuma da su ya kamata a fara. Ajin mata a yi shi daban, a makarantun Islamiyya na matan aure da suke cike a kowace unguwa, mata 'yan'uwansu su jagoranta. Idan aka zo kan Maguzawan ƙasar Malumfashi da Ƙafur, a yi bayaninsu da ilimi da mutunci, domin maƙwabta ne kuma tarihin noman yankin bai cika ba sai da su.

Wayar hannu fa? Gaskiya ne Facebook da WhatsApp sun cika da guntayen tarihi, amma yawancinsu ba asali, kuma ba a iya ɗaga wa waya hannu a ce malam ban gamsu ba.

Kuɗin da abin zai ci kaɗan ne. Azuzuwan firamare a kulle suke daga La'asar. Zama ɗaya a mako, daga Janairu zuwa Maris, a ranar da ba ta kasuwa ba, ba zai hana mai noman rani a Ɗanja ban-ruwan tumatirinsa ba. Daga Funtua zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, bai kai kilomita 100 ba, Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya da kwalejin ilimi ta Isa Kaita, ga malaman Hausa da tarihi da suka yi ritaya suna zaune a garuruwan nan ba a amfana da su. Sharaɗi ɗaya nake ganin ba a sassauta shi: kowane zama ya haɗa malamin boko da mai sana'ar, masaƙi ya zo da ƙoshiyarsa, maƙeri da zugazuginsa, makaɗi da kalangunsa, a biya su ladan zama daidai wa daida, a kuma naɗi abin da aka faɗa a ajiye. In ba haka ba za a koma gidan jiya, ɗan birni ya zo ya yi wa mutanen karkara bayanin kansu ya tafi.

Kirana ga Galadiman Katsina hakimin Malumfashi da Sarkin Maska hakimin Funtua, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina: kada a jira kasafin kuɗi ko babban baƙo daga Abuja. A zaɓi aji ɗaya a Funtua, ɗaya a Malumfashi, a sa rana bayan an gama kakar bana, a yi shela a masallatai da kasuwanni, a fara da mutum talatin.