Yaro ake ɗinka wa, ko kyamara?

Wanda ya saba shiga kasuwar baje koli ta Kano a titin Gidan Zoo, ko ta Kaduna a hanyar Zariya, ya san daɗinta ba a rumfunan manyan kamfanoni masu lasifika da rabon hula yake ba. Sai ka kutsa can ciki, inda mutum biyu ke haɗa kuɗi su kama rumfa ɗaya. Nan ake samun matan da ke ɗinka kayan yara, kowace da ɗan tambarinta a wuyan riga. A da, in ba tela za ka kai wa yadi ba, zaɓinka biyu ne: 'yan China na kanti ko gwanjon Ƙofar Wambai. Yanzu ga namu sun fito, kuma wallahi ina murna.

To amma jama'a, wa ake ɗinka wa kayan nan?

Na ɗaga wata riga ta 'yar shekara biyu, sai da hannuna ya san ya ɗauki kaya. Leshi a sama, raga hawa uku a ƙasa, duwatsu tun daga wuya har cibiya, zif a baya, ga gwaggwaro an naɗe an kafe da gam. Na juya cikinta: babu shafi, bakin leshin nan tsirara yake jiran fatar yarinya. Na ce, "Hajiya, wannan ba za ta yi mata ƙaiƙayi ba?" Ta yi dariya ta ce ai tana kyau a hoto. Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai hoto na ɗan lokaci ne, yawon sallah kuwa wuni ake yi, daga gidan kaka zuwa gidan gwaggo, cikin zafin da a Kano yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Da yamma uwa ce za ta zauna da hoda tana bin ƙurajen zafi.

Na maza ma ba su tsira ba. Yaron da bai daɗe da daina famfas ba an yi masa babbar riga ta shadda, ta sha sitaci tana tsayuwa da kanta, da wando mai tazuge maimakon roba. Ya za a yi in fitsari ya matsa? An mai da shi ƙaramin ango, ba ya iya zama, ba ya iya gudu, hula na faɗowa ana mayarwa. Aljihu kuwa, inda zai zuba barka da sallarsa, na ado ne, an ɗinke bakinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmasa. Telolin unguwa na da sun san yaro kullum tsawo yake, sai su bar kalmasa mai faɗi, baɗi a warware a ci gaba da sawa, ƙane ma ya gada. Waɗannan sababbin kayan kuwa an yanka su cif a jiki. Ka biya kuɗi mai zafi, daga ƙaramar sallah zuwa babba ta ɗage.

Za a ce mu iyaye ne ke nema, abin da ya fi ƙyalli a Instagram shi ke tafiya. Haka ne. Kuma na yarda samun yadin auduga mai laushi ba wasa ba ne yanzu. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka kafa a 1957 ta rufe tun 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta cika da yadin roba. To shafin fa? Roba a ƙugu fa? Su ma sai masaƙa ta dawo?

Masu ganin kaya marasa hayaniya ba sa kawo kuɗi su tuna da Adenike Ogunlesi. A 1996 ta fara da kayan barci na yara, tana sayarwa daga but ɗin motarta a Legas, daga nan Ruff 'n' Tumble ta taso har ta zama kamfani mai shaguna a manyan birane. Kayan barci fa, babu dutse ko ɗaya.

Akwai dai masu hankali a cikin matan baje kolin nan, kar na yi musu kuɗin goro. Wata matashiya da na tarar a lungu tana ɗinka riguna da atamfa mai taushi, maɓalli a kafaɗa don kan jariri ya wuce ba kuka, ɗinkin ciki a lulluɓe, aljihu na gaske har biyu. Ta ce duk sabon samfuri sai ta sa wa 'ya'yan yayarta sun wuni da shi suna wasan ƙasa kafin ta kawo kasuwa. Rumfarta ba cunkoso, mutane na can wajen masu duwatsu. Kayanta sun fi na kanti tsada, na yi ciniki ta ƙi ragi ko sisi, na ɗan ji haushi, na biya.