Jinjina ga Masu Karanta Tsokar Huhu

Mai ciwon dajin huhu bai san fuskarsu ba, amma hukuncinsu ke zaɓa masa magani.

Likita zai ciro ɗan tsoka daga huhu, wani lokaci bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ke jiƙa shi a ruwan fomalin, su daskarar da shi cikin kakin kyandir, su yanyanka shi siriri fiye da gashi, su zuba masa sinadarin da ke rina furotin ɗin da gurɓatacciyar ƙwayar gado ke samarwa. Inda launin ƙasa-ƙasa ya fito a ƙarƙashin madubin likita, nan ɓarawon yake.

A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka suka gano cewa masu sauyi a ƙwayar EGFR ne maganin gefitinib ya fi yi wa aiki. A 2007 Hiroyuki Mano da abokan aikinsa a Japan suka bankaɗo sauyin ƙwayar ALK a dajin huhu, kuma a 2011 Amurka ta amince da maganin crizotinib dominsa. Duk wannan ilimi banza ne idan hannun mai yanka ya ɓata tsokar.