Filin Makaranta Ma Aji Ne

A ƙasar Hausa, in aka ce yara suna karatu a gindin bishiya, abin da ke fara zuwa rai shi ne gazawa: ko iska ta yaye rufin aji, ko ɗalibai sun fi ƙarfin ɗakuna. Damuwar tana kan hanya, kuma gina azuzuwa wajibin hukuma ne. Sai dai ta sa muna kallon duk wata fita waje a matsayin koma baya, alhali ƙasashen da azuzuwansu ba su rasa komai ba da gangan suke fitar da 'yan firamare su koyi darasi jikinsu na motsi.

A shekarar 2012, Elaine Wyllie, shugabar makarantar firamare ta St Ninian's a garin Stirling na Sikotland, ta ga ɗalibanta ba sa iya zagaye fili da gudu sai sun gaji. Ta sa kowane aji ya riƙa fita gudu ko sassarfa na minti 15 kullum, da kayan makarantarsu. Shirin, mai suna Daily Mile, ya bazu zuwa dubban makarantu a ƙasashe da dama. Denmak kuma, a gyaran tsarin ilimi na 2014, ta tanadi motsa jiki na kimanin minti 45 kowace rana a makarantun gwamnati. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 yana motsa jiki sosai a kullum.

Ni a ganina mun fi su buƙatar wannan salo. Yaro ɗan shekara bakwai da aka cusa a benci ɗaya da mutum biyar, cikin zafi, tun ƙarfe takwas har azahar, ba ya sauraron malami. Jiran ƙararrawa yake yi. In ya motsa a ce ya cika ƙiriniya, a ɗauko bulala, alhali jikinsa ne ke neman haƙƙinsa.

Kuma ba sai mun sayo komai ba. A zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, a rubuta 3, 6, 9, 12 a ciki, yarinya tana tsalle tana faɗa, ta haddace jadawalin sau uku. A ba yara igiya su auna tsawo da faɗin fili, su fitar da kewayensa da kansu. A kafa sanda a auna inuwarta da hantsi da kuma tsakar rana, sannan a tambaye su dalilin da ya sa ta gajarce. A raba musu kunya-kunya a gonar makaranta su shuka wake, duk mako su auna tsayinsa su rubuta. Abin da ƙafa ta taka, hannu ya taɓa, da wuya ya fita daga kai.

Na san abin da iyaye ke cewa: kuɗin karatu muka biya, ba na wasa ba. Malamai kuma za su kawo yawan ɗalibai, da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da batun tsaro. Duk suna da hujja, kuma duk akwai mafita. A fita da sanyin safiya, a fake a inuwar darbejiya, a raba aji rukuni-rukuni kowanne da monita, kada a ƙetare katangar makaranta. Sharaɗin kawai malami ya fito da darasin da ya tsara, kada fitar ta zama hutunsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne filin kansa yana ƙarewa. A biranenmu ana yanka filayen makarantu ana jera shaguna, makarantun kuɗi da yawa kuwa gidajen haya ne da ko tsakar gida mai faɗi babu. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su tsaya kai da fata a kan filayen da suka rage, hukumomin ilimi kuma su daina ba da lasisi ga makarantar da ba ta da inda yaro zai yi gudu.